Yaron Da Ake Kira Hitila: Yaya Za Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Tarihin Kisan Ƙare Dangi?

A ƙarshen daminar bara wani aikin nazarin harshe ya kai ni ƙasar Ƙiru da Bebeji, inda na yi 'yan makonni ina bin tsofaffi ina naɗar maganarsu, domin in ga yadda Hausar kudancin Kano take sauyawa daga bakin kaka zuwa bakin jika. A cikin wannan yawo ne wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ba ta da nisa da Kwanar Ɗangora, ya matsa mini lamba cewa lallai sai na leƙa ajinsa na gaisa da yara. Na shiga aji uku, na tarar da yara sun haura tamanin, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Muna cikin gaisawa sai na ji an yi wa wani yaro tsawa daga baya, an ce, "Kai Hitila, zauna mana!" Yaron ya zauna yana murmushi, alamar sunan bai dame shi ba, hasali ma yana jin daɗinsa.

Na tambayi ajin, shin wane ne Hitila? Wani ya ce wani jarumi ne na zamanin da wanda harsashi ba ya huda shi. Wani ya ce shugaban sojan Amurka ne. Wata yarinya ta ce ta taɓa gani a wayar yayanta an ce shi ne ya yi maganin Yahudawa. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya musa mata. Malamin ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tun daga ranar maganar yarinyar nan take yi mini yawo a zuciya, musamman kalmar nan guda da ta fito daga bakinta ba tare da ta auna nauyinta ba, wato "magani". Ƙwaro ake yi wa magani, ko cuta, ko ɓera. Ranar da aka ce an yi maganin wata al'umma, to an riga an fitar da ita daga sahun mutane tun kafin a taɓa lafiyar ko mutum ɗaya daga cikinta.

Ban ga laifin yaran nan ba ko kaɗan. Sanin kowa ne cewa tun daga shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin nazarin zamantakewa. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a hukumance, sannan a 2025 aka sake tabbatar da shi a matsayin darasin dole a sabuwar manhaja. Ke nan akwai zuriya guda cur da ta tashi babu wannan darasi, kuma daga cikinta ne ake ɗaukar malaman da za su koyar da shi yanzu. Dawowar Tarihi abin murna ne, amma fargabata ita ce kada ya dawo da tsohuwar rigarsa: malami ya cika allo da sunayen sarakuna da shekaru, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, su manta kafin a raba sakamako. Irin wannan karatu ba zai taɓa kalmar "magani" da ke bakin yarinyar nan ba.

Bari mu fara da abin da ya faru, domin na lura ko a cikin manyanmu akwai masu jin labarin sama-sama. Hitila ya hau mulkin Jamus a watan Janairun 1933. A lokacin Yahudawan ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, kuma Jamusanci suke yi kamar kowa, da yawansu ma sun yi wa Jamus yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba da kisa aka fara ba. An fara da cewa kada a sayi kaya a kantunansu, aka kore su daga aikin gwamnati, sannan a 1935 aka yi dokokin da suka ƙwace musu haƙƙin zama 'yan ƙasa, suka haramta auratayya da su. A daren 9 ga Nuwamban 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, maƙwabta suna kallo ta taga. A 1941 aka tilasta musu liƙa tauraro ruwan ɗorawa a ƙirji. Daga nan sai harbi a bakin ramuka a gabashin Turai, sai jiragen ƙasa, sai sansanonin gwale-gwale da ɗakunan iskar guba. A sansanin Auschwitz kaɗai, a ƙasar Folan, an kashe mutum sama da miliyan ɗaya. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida, daga ciki har da yara kusan miliyan ɗaya da rabi. Ba su kaɗai ba ne: an kashe dubban ɗaruruwan al'ummar Roma, an kashe naƙasassu da masu taɓin hankali, kuma a 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran Jamus da iyayensu maza baƙar fata ne aikin da ya hana su haihuwa har abada. Mai ganin Hitila gwarzo ne ya sani cewa da hannunsa ya kai ga kakanninmu, ba zai ɗauke su a bakin komai ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne aikin da kalmomi suka yi. Akwai wani farfesan harsuna a birnin Dresden mai suna Victor Klemperer, Bayahude ne, aka kore shi daga jami'a a 1935, ya tsira da rai saboda matarsa ba Bayahudiya ba ce kuma ta ƙi rabuwa da shi. An hana shi shiga ɗakin karatu, an hana shi mallakar littattafai, sai ya koma yana rubuta kalmomin da yake ji a bakin mutane, a rediyo da masana'anta da kan titi. A 1947 ya fitar da littafi a kan harshen 'yan Nazi, ya nuna yadda gubar ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan har mutanen kirki, har ma waɗanda ake zalunta, suka wayi gari suna magana da kalmomin azzalumai. Kalmomin iri biyu ne. Akwai masu mayar da mutum ƙwaro ko annoba, akwai kuma masu lulluɓe kisa da mayafi. A takardun gwamnati ba a rubuta "kisa", sai a rubuta "kulawa ta musamman", ko "sake matsuguni a gabas", ko "mafita ta ƙarshe". Akawun da ke buga takardar sai ya koma gida ya ci abinci da 'ya'yansa hankali kwance. Kuma ba a bar yara a baya ba. A 1938 kamfanin Julius Streicher ya buga wani littafin yara mai hotuna wanda ya kwatanta Bayahude da tsiro mai guba da ya saje da na ci. Wannan mutum ba kwamandan sansani ba ne, jarida da littafi ne makaminsa, amma kotun Nuremberg ta same shi da laifi aka rataye shi a 1946. Shekara 48 bayan haka, a Ruwanda, wani gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, cikin kwana ɗari na 1994 aka kashe mutum wajen dubu ɗari takwas, akasari da adda. Hausawa da suka ce baki shi ke yanka wuya ba su yi ƙarya ba.

Na san abin da ke ran mai karatu, domin abokan aikina sun faɗa mini shi a ɗakin shan shayi ba sau ɗaya ba. Cewa suke yi, "Malam, da wane ido za mu dubi yaranmu mu ce su tausaya wa Yahudawa alhali suna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Korar da aka yi wa Falasɗinawa sama da dubu ɗari bakwai daga gidajensu a 1948 tarihi ne da ya wajaba yaranmu su sani, haka nan dubun dubatar rayukan da suka salwanta a Gaza tun daga Oktoban 2023, cikinsu har da yara masu ɗimbin yawa. Amma ina tambaya: jaririn da aka jefa ɗakin iskar guba a 1943, me ya sani game da ƙasar da ba a kafa ta ba sai bayan mutuwarsa da shekara biyar? Idan muka yarda cewa laifin gwamnati yana hawa kan duk wanda ya haɗa jini ko addini da ita, har da waɗanda suka mutu kafin a yi ta, to mun karɓi ainihin ƙa'idar da ake kashe Falasɗinawa da ita, mun kuma karɓi wadda aka yi ta tsangwamar Musulmin duniya da ita bayan harin 11 ga Satumban 2001. Addininmu ma ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Yaron da ya fahimci matakan da aka bi a Jamus, daga baƙar magana zuwa doka, daga doka zuwa katanga, daga katanga zuwa rami, shi ne zai fi kowa iya gane zalunci a ko'ina ya gan shi, ya kuma yi bayaninsa da hujja maimakon zagi.

Dalili na biyu na aiki ne. A cikin duk kashe-kashen ƙare dangi da aka yi a duniya, da wuya a sami wanda ya bar takardu kamar wannan. Waɗanda suka yi kisan mutane ne masu son rubutu: sun bar jadawalin jiragen ƙasa, da jerin sunaye, da rahoton taro, da hotuna, ga kuma shaidar dubban waɗanda suka tsira da ikirarin waɗanda aka gurfanar a kotu. Saboda haka fage ne mai kyau na koya wa yaro yadda ake tabbatar da magana, a wannan zamani da kowane ƙarya ke shigowa aljihunsa ta Facebook da TikTok. Mai bincike zai kuma ci karo da abin da bai zata ba. Zai gamu da Dokta Muhammad Hilmi, likita ɗan Masar da ke zaune a Berlin, wanda ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya tun daga 1942 har yaƙi ya ƙare, yana sane da cewa ransa ne a kan siraɗi. Zai gamu da Albaniya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, wadda yawan Yahudawan da ke cikinta bayan yaƙi ya zarce na kafin yaƙi, saboda mutanenta sun riƙe al'adarsu ta amana, ba sa ba da baƙon da ya shiga gidansu. Zai kuma gamu da Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, wanda ya zauna da Hitila a Nuwamban 1941 ya kuma yi wa 'yan Nazi farfaganda. Bincike ba ya zaɓo maka abin da zai faranta maka rai kaɗai, wannan ma darasi ne.

To, ta yaya za a koyar? Misalai biyu daga ƙauyukan Amurka sun isa. A 1998, a wani ɗan gari mai suna Whitwell a jihar Tennessee, yaran ƙaramar sakandare suka ce wa malamansu ba su iya hasashen miliyan shida ba. Sai suka shiga tara 'yan wayoyin nan da ake maƙale takardu da su a ofis, ɗaya a madadin kowane rai, domin sun karanta cewa mutanen Norwe sun riƙa maƙala su a riga lokacin yaƙi don nuna adawa da mamayar Jamus. Labari ya bazu, aka yi ta aiko musu daga ko'ina har suka tara fiye da miliyan 30, kuma a 2001 suka sami wani tsohon taragon jirgin ƙasa daga Jamus suka mayar da shi wurin tunawa a harabar makarantar. Aiki ne mai taɓa zuciya, amma a ganina ƙidaya ce, ba bincike ba.

Na biyun ya fi burge ni. A 1999, a Uniontown ta jihar Kansas, wani malamin tarihi mai suna Norman Conard ya miƙa wa wasu 'yan mata, waɗanda yawancinsu ba su wuce shekara 14 ba, wani guntun shafin mujalla da ya ambaci wata mata 'yar Folan, Irena Sendler, cewa ta fitar da yara 2,500 daga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw. Malamin ya ce yana zargin kuskuren ɗab'i ne, su je su bincika. Suka yi ta tono, suna neman inda kabarinta yake, sai suka gano ashe tana raye, tsohuwa ce da duniya ta manta da ita. Suka rubuta mata wasiƙa, ta ba su amsa, suka ziyarce ta a 2001, ta rasu a 2008 tana da shekara 98. Daga baya wasu masana tarihi sun yi jayayya da adadin 2,500 ɗin, suna ganin ya yi yawa, kuma aikin na jama'a ne ba nata ita kaɗai ba. Wannan bai rage wa yaran komai ba. Abin lura shi ne malamin bai ba su amsa ba, shakka ya ba su, su kuma suka bi sawunta.

Sai dai ba na goyon bayan mu kwaso wannan tsari ɗungurungum mu dire shi a Tudun Wada ko Doguwa. Yaron da bai san abin da ya faru a ƙofar garinsu ba, Warsaw tatsuniya ce a wurinsa. Daga gida ya kamata a fara, kuma Allah ya hore wa wannan yanki abin bincike. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, mafi yawansu baƙar fata, ya nufi Kano. A Bebeji aka fara tare shi. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, aka harba igwa ta fasa ƙofar, Sarkin Bebeji da wasu manyansa suka rasu a nan take, sannan rundunar ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Yara nawa ne a Bebeji suka san wace ƙofa ce? Ga aikin bincike na zango guda: su tambayi gidan sarauta, su tambayi limamai da makaɗa, sannan malami ya karanta musu abin da Turawa suka rubuta, su auna inda labaran biyu suka haɗu da inda suka rabu. Kafin Turawa ma akwai hare-haren Ningawa a kudancin Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, da ramuwar da Kanawa suka riƙa kaiwa, da bayin da kowane ɓangare ya kama. Ganuwar da yaran ke wasa a kan kufanta ba don ado aka gina ta ba.

Shi kansa Yaƙin Hitila ya iso har nan. Da Jafan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi talakawa kusan dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza, abin da mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Yaran Riruwai, garin da ya san kuza tun kafin Bature ya zo, su ne suka fi cancanta su tambayi tsofaffinsu abin da suka ji game da waɗannan shekaru. Ga kuma samarin da aka ɗauka soja aka kai su Bama a runduna ta 81 da ta 82. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta bi labarin yaƙin da Hausa. Idan malami ya samo hoton shafi guda daga cikinta, yara za su ga da idonsu da waɗanne kalmomi aka gabatar wa kakanninsu da Jamus da Ingila, su tambayi kansu wane ne mai jaridar kuma me yake so a gaskata. Waɗanda ke kusa da Tiga su tambayi ina garuruwan da ruwa ya ci lokacin da aka gina madatsar a zamanin Audu Baƙo, ina mutanensu suka koma.

Akwai kuma wanda muka fi jin nauyin taɓawa, wato 1966. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairu, an yi wa 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa kisa a watan Mayu, sannan a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, har da abin da ya auku a filin jirgin saman Kano. Dubbai ne suka mutu, tela da bakanike da akawu da matansu, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka a juyin mulkin da wasu hafsoshi suka yi. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma. A gidajenmu ba a wannan hira, a can kuma ana yin ta kullum, shi ya sa jikokin ɓangarorin biyu suke haɗuwa a intanet suna zagin juna, kowa da rabin labari. Alhali a cikin unguwanninmu akwai gidajen da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka da cikin rumbu har ƙura ta lafa. Waɗannan su ne Irena Sendler ɗinmu, kuma babu wanda ya rubuta sunansu. Wanda yake da shekara 15 a 1966 yanzu ya haura saba'in. Tsofaffin sojan Bama kuwa sai dai a ce Allah ya jiƙansu, 'yan ƙalilan ne suka rage. Duk shekarar da muka yi jinkiri, ɗakunan karatu ne muke bisnewa.

Idan wani yana ganin wannan duk tsohon zance ne, to ya tuna watan Maris na 2025, lokacin da aka tare wata mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar dawowa gida hutun Sallah, galibinsu 'yan Bunkure da kewaye, maƙwabtanmu na nan kusa. Kafin a ɗaga sanda, kalma aka fara jefa musu: masu garkuwa da mutane. Da kalmar ta zauna, sai sauran ya zo da sauƙi. Mu da aka yi wa haka mun san zafinsa. Saboda haka ina ba da shawarar wani ɗan aiki da ba ya bukatar ko kwabo: kowane rukunin yara ya tara sunayen da muke kiran wasu da su, da waɗanda wasu ke kiranmu da su, su binciko asalinsu da yadda ake amfani da su. Su gano yadda "aboki", kalma mai daɗi a bakinmu, ta zama zagi a bakin mutumin Kudu. Su gano cewa sunan da muke kiran Ibo da shi, kamar yadda masu nazari da dama suka tafi a kai, daga jimlarsu ta roƙon ruwan sha aka samo shi. Su duba "arne", su duba yadda muke ce wa mai wayon tsiya "Bayahude" alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Sai bayan wannan a buɗe musu shafin Jamus, a ce su jera matakan daga 1933 zuwa 1945, su nuna a wane mataki ne maƙwabci yake da ikon cewa a'a.

Dole a yi hattara, domin yara ne 'yan shekara 12 zuwa 15. Babu bukatar a nuna musu hotunan tarin gawarwaki. Labarin yaro guda mai suna da gida da makaranta ya fi shiga zuciya. Kada a sa su wasan kwaikwayo wasu su zama 'yan Nazi wasu su zama waɗanda ake kamawa, don yara sukan mayar da irin wannan abin tsokana a filin wasa. Kada a sa gasar wace al'umma ce ta fi shan wuya. Abin da ya faru a Bebeji yaƙin mamaya ne, na Auschwitz shiri ne na shafe al'umma daga doron ƙasa, aikin malami ne ya nuna kamanni ya kuma nuna bambanci. A binciken gida kuwa, a nemi izinin tsoho kafin a rubuta maganarsa, kada a rubuta sunan gidan da aka ce asalinsu bayi ne ko kakansu ya yi kisa, domin muna neman ilimi ne ba tayar da husuma ba. Sannan ina roƙon a bar yara su yi tambaya da Hausa, su rubuta rahotonsu da Hausa. Duk wanda ya taɓa duba takardun ƙaramar sakandare a karkara ya san cewa in aka ce sai da Turanci, kwafe za a samu ba tunani ba.

Za a ce ina kayan aiki, a ajin da babu wuta balle kwamfuta? Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, don haka babu mai musun halin da ake ciki. Amma abin da nake magana a kai littafin rubutu ne da biro da wayar malami guda. Abin da ya rage namu ne, mu malaman jami'a. Sassan Tarihi da na Harsunan Nijeriya za su iya haɗa ɗan ƙaramin kundi da Hausa, shafi talatin ko arba'in, mai ɗauke da fassarar wasu takardu na asali, da taswira, da jagorar yin hira da tsofaffi. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, cike suke da kayan da ba sa isa hannun malamin ƙauye. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta tara malaman Tarihi na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa na kwana uku kacal, ko a nan Bagauda ne, a gwada a makarantu goma a ga abin da zai fito. Mu da muke rubuta maƙaloli da Turanci don ƙarin girma, waɗanda ba mai karanta su sai 'yan kwamitin tantancewa, ba za mu rasa makon da za mu ba wannan aiki ba.

Tsohon ɗalibin nawa bai jira kowa ba. Ya raba ajinsa rukuni-rukuni, ya ba rukunin yaron nan tambaya guda: daga ina sunan Hitila ya shigo gidansu? Bayan mako uku ya kira ni a waya. Ashe yaron sunan ƙanen kakansa ya ci, shi kuwa tsohon an laƙaba masa Hitila ne bayan ya dawo daga yaƙi, saboda a ƙauye duk wanda ya tafi soja a lokacin cewa ake yi ya tafi yaƙin Hitila. Wata gwaggonsu ta buɗe adaka ta fito musu da littafin sallamarsa daga soja, ya yi ja, gefensa gara ta taɓa. Da malamin ya karanta musu sai suka ga an rubuta Bama. Suka nemo taswira suka ga Bama tana gabas da Indiya, Jamus kuwa tana can Turai, wato tsohon bai taɓa ganin sojan Jamus ba, da Jafanawa ya yi yaƙi. Yanzu rukunin ya rabu biyu, ana ta gardama a kan me ya haɗa Jafan da Hitila, da kuma me ya kai mutumin Ƙiru dajin Bama. Malamin ya ce sun ba shi zuwa ranar Litinin ya samo musu littafin da zai raba gardamar, shi ya sa ya kira ni.